Kyandirin Zulmira

Ina da wani gwangwanin biskit da nake tara guntayen kyandir a ciki. Kowane guntu na zana sunan mai shi a jiki da ƙusa. Shekara arba'in da ɗaya ke nan ni ake kira a ƙauyenmu in numfashin mutum ya fara nisa: in kunna kyandir, in damƙa masa, in riƙe hannunsa da nawa don kada ya suɓuce. Iyayenmu a nan jihar Ceará sun ce hanyar da duhu, ba a barin Kirista ya kama ta hannu wofi. Ban wuce aji uku ba, amma na san lokacin da ya kamata a ƙyasta ashana. Na kuma lura cewa kyandirin marowaci ba ya ɗiga ƙasa, a jikinsa yake daskarewa.

Guda ɗaya ne ya yi shekaru a gwangwanin ba a kunna ba, na matata Zulmira. Wata Asabar a kasuwa ta tsaya taya kabewa, ni kuma na zame na tafi kallon wani bunsuru mai ƙaho huɗu. Ina cikin sake ƙirga ƙahonin aka taɓa kafaɗata. Na tarar da ita a ƙasa, rai ya yi halinsa, kabewar ta gangara ƙarƙashin tebur, kyandir yana aljihuna. Fada Honório, limamin cocinmu, ya ce da ni ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu babu wanda ya ba shi kyandir, amma a ranar ya shiga Firdausi. Na ce haka ne, Fada, sai dai shi Yesu ne a gefensa, ita kuwa mijinta yana wurin bunsuru.

Bayan shekara shida abokina Dorival ya kwanta ciwo. Tare muka yi kiwon awaki muna yara. Shekarun da ya yi yana ƙona gawayi sun cinye masa huhu. 'Yarsa Ivonete, wadda ni ne uban baftismarta, ta kai shi babban asibiti a birni. Na hau bas na bi su da mazarƙwaila a jaka.

Na same shi da wata roba a hanci da baki, an jona ta da bango. A jikin bangon akwai 'yar kwalba da ruwa ke tafasa a ciki ba wuta. Na daɗe ina kallonta. Dorival ya ɗaga robar.

"Ungulu ta iso," in ji shi. "Ashe na kusa."

"Wace ungulu za ta sauka a kanka? Duk ƙashi ne."

Ya yi dariya har tari ya kama shi. Na ciro sabon kyandir na ajiye kan akwatin gefen gado, don ya san na zo da shiri. Ma'aikaciyar jinya ta ɗauke shi cikin ladabi. Ta ce iskar da ke shiga hancinsa ba ta shiri da wuta, ko ashana ba a ƙyastawa a ɗakin nan. Dorival ya bi kyandirin da ido har ya koma jakata. Sai ya ce a mai da shi gida.

Likita ya riga ya gaya wa Ivonete cewa babu magani. Da na'urar numfashin zai iya kai wata guda, in an cire kuwa kwana ɗaya ko biyu. Kuma ba a sallamarsa sai ita ta sa hannu. A baranda ta sunkuya ta nemi albarkata kamar yadda ta saba, na sa mata, sannan ta ɗago da jajayen idanu.

"Baba Belarmino, wata guda nake da shi. Shi za ka ƙwace min da kyandirinka?"

Ta ce cire na'urar kisa ne, ba za ta tsaya gaban Ubangiji da wannan ba. Ta kira Fada Honório a waya. Ya ce mata barin mutum ya tafi in lokacinsa ya yi ba kisa ba ne, riƙe shi ma ba zunubi ba ne, ba zai zaɓa mata ba. Ma'aikaciyar jinyar, baiwar Allah, ta samo mana kyandir mai batir daga ɗakin addu'a. Dorival ya juya shi, ya tambaya ko in batirin ya mutu a tsakiyar hanya wa zai sauya masa.

Awa ɗaya ake barin masu ziyara, daga ƙarfe uku zuwa huɗu. A rana ta uku muka shigo muka ga gadon da ke kusa da nasa an shimfiɗa sabon zane. Matar mai gadon ta shigo a bayanmu da kwanon wake da garin rogo, ta tsaya tana dube-dube. Dorival ya ce tun da hantsi mutumin ya cika, labule kawai aka ja, shi kaɗai ya ji.

"Ba mutuwar nake tsoro ba, 'yata," ya ce. "Kada ta zo kina tashar mota."

Ivonete ta fita. Ta taga na hango ta zaune a gindin wata bishiya, carbinta a hannu, ba ta ja. Da ta dawo ta nemi takardar sallamar, ta sa hannu.

Muka ɗaura masa ragar kwanciyarsa a inuwar bishiyar kashu, ƙofar gidansa. Ya lashi mazarƙwaila, ya ce ta bana ba ta kai ta da ba. Maƙwabta suka yi ta shigowa ana dafa kofi. Ivonete ba ta tashi daga gefensa ba.

Washegari, rana ta kusa tsaka, na ji numfashin ya sauya. Na buɗe jaka. Ya girgiza kai, ya ce ba wannan ba, in kawo na Zulmira.

"Ka ce tana can cikin duhu. To, ba ni in kai mata. Kai ba ka da ranar tafiya."

Na je gida na buɗe gwangwanin. Na tsaya da kyandirin a hannu fiye da yadda ya kamata, har na tsorata kada in sake makara. Na dawo da sassarfa, gwiwoyina suna ƙara.

Na ƙyasta ashana. A cikin hasken ranar nan da ƙyar ake ganin harshen wutar. Na sa masa a hannu, na ɗora hannun Ivonete a kan nasa, nawa a kan nata. Muka kira sunan Yesu, da Maryamu, da Yusufu. Kyandirin ya yi ta ɗiga a yatsunmu, ba wanda ya janye. Ya ci har wurin da na zana sunan Zulmira, ya wuce shi, sannan ƙirjin Dorival ya tsaya.

Guntun da ya rage bai kai ɗan yatsa ba, babu suna a jikinsa. Ivonete ta tambaya ko zan bar mata. Na kankare abin da ya daskare a bayan hannuna, na miƙa mata guntun.