Kaska a Kwalin Ashana

Karo na uku ke nan da muka kai Baba asibiti a wata ɗaya. Benci ɗaya, fanka ɗaya da ba ta juyawa. Sau biyu ana ba shi maganin zazzaɓin sauro, ya shanye, zazzaɓin ya dawo.

Baba a mayanka yake aiki, shi ke jan fatu yana zuba musu gishiri. Bana kaska ta yi yawa, tun da aka fara sauke shanu daga manyan motoci masu zuwa daga nesa. Har gida take biyo shi, a ɗinkin wando, a bayan gwiwa. In ya dawo da yamma sai ya zauna bakin ƙofa yana cire ta, yana fasa ta tsakanin faratansa, jini ya ɓata masa yatsu.

"Ita ta sha nawa, ni na fasa nata," haka yake cewa.

Ni ke wanke kayan aikinsa. Wata ƙatuwa da na samu a wuyan rigarsa, na saka ta a kwalin ashana. Kwana tara tana cikin jakata.

Duk ranar asibiti Mama sai ta sa ya yi wanka sau biyu, ta ba shi farar riga, ta fesa masa turare. Ba ta son a toshe hanci a layi.

"In an tambaye ka, ɗan kasuwa ne kai," ta ce. "Ai fata ma kaya ce."

Likitar ta gaji, ko kai ba ta ɗago ba.

"Baba, ka sake dawowa? Ka kuwa shanye maganin?"

"Har kwalin na kusa haɗiyewa, 'yata."

"Sana'a?"

"Kasuwanci," Mama ta riga shi.

Na ga biron ya fara rubuta sunan maganin nan dai na farko. Ban iya magana ba, sai na ajiye kwalin a kan tebur, na tura shi gabanta.

"Ke Kurma, mene ne haka?" in ji Mama. Haka suke kirana a gida, don ba na yawan magana.

Likitar ta buɗe, ta ajiye biro.

"A ina kika samo wannan?"

"A rigarsa. A mayanka yake aiki. Da hannu yake fasa su."

Ta sa ya naɗe wando. Tabo ne baƙaƙe har cinya. Ta dubi Mama, ta yage takardar maganin. Aka ɗebi jininsa, aka ba shi gado da wani magani daban, na zazzaɓin da kaska ke kawowa.

"Shekara ba ki magana, rana ɗaya kin tona mana asiri," Mama ta ce a baranda. Amma ta miƙo min ruwan da ke hannunta.

Kwana na huɗu zazzaɓin ya sauka. Bayan sati biyu ya koma aiki, don motocin ba su daina zuwa ba. Yanzu a tukunya nake dafa kayansa. Jiya ma na tsinci kaska bakwai.