Yatsun Zaki a Yumɓu

A kan wani katako da ke ƙuryar rumfar Lawwali akwai curin yumɓu sun fi arba'in, kowanne da gurbin yatsu biyar da suka matse shi tun yana ɗanye. A gindin kowane curi an karta suna da ƙusa. Baƙon da ya leƙo yakan ɗauka kayan boka ne, Lawwali kuwa bai taɓa wahalar da bakinsa wajen gyara masa zato ba.

Asalin sana'arsa faci ne. Rumfar tana Magama, a bakin titin da manyan motoci ke yin layi kafin su tsallaka Nijar. Haɗa sandar fatsa a gefe yake yi, don sha'awa, har zuwa shekarar da aka rufe boda, motoci suka ɗauke kamar ruwan sama, aikin gefe ya zama shi ne tuwo. Ko da aka buɗe, bai saki ba. Gora yake saya ya gasa ta a wuta ya miƙar, zare da ƙugiya direbobi ke kawo masa daga Maraɗi. Wannan duk kowa zai iya. Inda ya sha bamban da sauran shi ne mariƙi. Ba ya naɗa wa sanda mariƙi sai mai ita ya zo da kansa ya damƙi ɗanyen yumɓu, ya matse iya ƙarfinsa. Da wannan curin yake gane kaurin da zai yi, da inda zai tayar da tudu, da inda zai bar kwari. Yakan ce sanda ta kowa ce, mariƙi na mutum ɗaya ne.

Shi ya sa maganar da Rabe mai shayi ya kawo masa ta tsaya masa a wuya. Wai Zaki na ƙauyen Kusa, tsohon masuncin da kowa ke sara wa a dam ɗin Jibiya, ya rasa sandarsa. Tarwaɗa ta ja, sanda ta sulɓe daga hannunsa ta bi ruwa, mutane suna kallo. Da ya fito sai ya ce mariƙin Lawwali ne ya yi santsi. Rabe ba ya ƙara gishiri a shayi, amma a labari ba ya rowa. Cikin mako guda mutum biyu da suka yi maganar sabuwar sanda suka daina biyowa ta gaban rumfar.

Lawwali ya ji zafi ƙwarai. Robar cikin taya da yake yankawa siri-siri ya naɗe mariƙi da ita ba ta santsi, ko an shafa mata man gyaɗa. Ya tanadi maganganunsa tsaf, ya jera su kamar yadda yake jera sifana, yana jiran ranar da Zaki zai zo.

Ranar Talata da hantsi ya zo, matarsa Sarai tana biye da shi da kwano a ka. Suka yi musabaha. Hannun Zaki ya taɓa na Lawwali sama-sama ya koma aljihu, Lawwali ya ce a ransa fushi ne. Rabe ya bar tukunyar shayinsa ya matso, direbobi biyu da ke jiran takardunsu suka gyara zama a kan benci. Rigimar da ba ka da hannu a ciki daɗin kallo gare ta.

Zaki ya ciro wani baƙin soso mai rami a tsakiya, siriri, sumul, irin wanda ke zuwa a jikin sandunan kanti.

"Wanga za ka sa min," in ji shi. "Wajen wani direban Maraɗi na saye shi. Na gaji da robarka."

Lawwali ya juya soson a hannu, ya ajiye shi gefe. Ya shimfiɗa abin da yake da shi a kan tabarma: roba, jar fata, igiyar rama. Sannan ya janyo bokiti ya ɗebo yumɓu ya mulmula.

"Za mu zo kan zaɓi. Hwara damƙa tukuna."

"Hannuna yana can bisa katakonka."

"Na shekara goma sha ɗaya ne. Ko takalmi akan sake gwadawa, Zaki."

Zaki ya dubi yumɓun, ya dubi mutanen benci. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya fito da hannun dama daga aljihu ya karɓa. Ya matsa har jijiyar wuyansa ta tashi, har gumi ya tsattsafo masa a goshi, sannan ya miƙo.

Lawwali ya ɗauko tsohon curin daga kan katako ya haɗa su a tafinsa, bayansa yana wajen benci. A tsohon, yatsu biyar sun nutse kamar sawun saniya a damina. A sabon, babban yatsa da manuni sun ɗan shiga, na tsakiya ya yi alama, biyun ƙarshe kuwa ko tabo ba su bari ba. Ya ɗaga kai. Zaki yana kallon titi. Sarai kuwa Lawwali take kallo, ba ta ko ƙiftawa.

"To, Malam Lawwali," in ji Rabe, "mi yumɓu ya ce?"

Ga gaskiyarsa nan a tafin hannu. Juyowa kawai zai yi ya nuna, kafin la'asar labari ya kai bakin dam, sunansa ya wanku. Ya so ya yi hakan, ba ƙaramin so ba. Sai ya dunƙule sabon curin ya jefa a bokiti.

"Ya yi tauri, ban jiƙa shi da kyau ba. Amma na ga abin da nake nema." Ya share hannu a riga. "Robar da na sa maka ta tsuhwa, Zaki. Ya kamata in kira ka in sake ta tun bara. Ka dawo Juma'a."

Direbobin suka tashi da alamar an cuce su. Zaki ya gyaɗa kai sau ɗaya ya fita, ko sallama bai yi da kyau ba.

Ba a jima ba Sarai ta dawo ita kaɗai, wai ta manta gammonta. Gammon yana kanta.

"Ka gani ke nan," ta ce a hankali.

"Na gani, Maman Jinƙai. Tun yaushe?"

"Tun kaka. Ya tashi da sahe hannun ya yi nauyi. Mun tahi asibiti Katsina, suka ce hawan jini ne, Allah ya taƙaita. Yana shan magani in na tsare shi. Moɗa ma sai ta kuɓuce mishi, ya ce ni na cika ta da yawa."

"Laihi tudu ne."

Ta yi ɗan murmushi, bai daɗe ba ya ɓace. "Gonarmu ta daji shekara uku ba mu taka ta ba, ka san dalili. Kihin nan shi muke ci, shi nake soyawa in kawo boda. Wannan ma da sauƙi. Mutumin nan in ya bar ruwa, a zaune zai mutu, ina kallo."

"Hagunsa lahiya lau?"

"Lau."

"To ya koma hagu mana."

"Ya ce ubansa bai kama abinci da hagu ba, shi ma ba zai hwara da hurhura a ka ba. Ni na yi magana har na gaji. Kai ka gwada."

Lawwali bai yi niyyar gwadawa ba. Shi ba mai wa'azi ba ne, mai naɗa roba ne. Ya zaɓi gora mafi rashin nauyi a cikin waɗanda yake da su, ya rage mata tsawo da taki ɗaya. Fata ya fara ajiyewa gefe, don in ta sha ruwa sulɓi take yi. Igiyar rama tana da kamu, amma tana cin tafi, kuma hannun da ba ya ji sosai sai ya yi rauni mai shi bai sani ba. Soson Maraɗi ya fi kowanne ba shi haushi, sai dai da ya matsa shi ya ga yana da amfaninsa. Ya tsaga shi ya yi ciko da shi daga ciki, mariƙin ya yi kauri yadda yatsu ba sai sun rufe duka ba, sannan ya bi kai da robarsa, ya tayar da tudu a inda manuni zai tokare. Daga ƙarshe ya yanko fatar nan da ya ƙi, ya yi mata zobe a gindin sanda, daidai wuyan hannu. Ya daɗe yana kallon zoben. Ya san ba masuncin da ya taɓa ɗaura sanda a hannu a dam ɗin nan.

Juma'a Zaki ya zo shi kaɗai, ana gab da tafiya masallaci. Titi ya yi shiru, Rabe ya rufe tukunya ya tafi alwala. Lawwali ya lura da lokacin da mutumin ya zaɓa.

Zaki ya karɓi sandar ya auna ta a hannu. Fuskarsa ta ɗan saki da ya ji yadda mariƙin ya cika masa tafi. Sai idonsa ya kai kan zoben.

"Wanga hwa? Akuya za a ɗaure?"

"Yayi ne. Haka masuntan tabkin Madarunfa, can Nijar, ke yi yanzu."

"Shekara huɗu na yi ina su a Madarunfa."

"An daɗe ai. Duniya ta sake."

Zaki ya yi tsaki, amma ya zura hannu a zoben. Lawwali yana da gwajin da yake yi wa kowace sanda kafin ta bar rumfa: galan mai rabin ruwa yake ɗaurawa a bakin zare, mai sanda ya ɗaga. Ya ɗaura. Zaki ya gyara tsayuwa ya ja. Gora ta lanƙwasa, galan ya bar ƙasa, ya kai gwiwa. Nan ya tsaya yana rawa. Yatsun biyu na ƙarshe suka buɗe, sauran suka bi su, galan ya bugi ƙasa. Sandar ta tsaya tana lilo a wuyan hannun Zaki.

Daga nesa ana jin lasifikar masallaci.

"Ba ta hwaɗi ba," in ji Lawwali.

"Ba ta hwaɗi ba," in ji Zaki. "Amma kihi ba ya hitowa da rataya."

Ya zare hannunsa daga zoben ya jingine sandar. Ya nufi katakon nan, ya bi curin ɗaya bayan ɗaya har ya ga nasa. Ya sa yatsunsa a gurabensu na da. Uku suka zauna. Biyun suka tsaya a sama, sai da ya sa hannun hagu ya danna su. Da ya saki suka sake tashi. Lawwali ya ji tausayi ya kama shi, ya sunkuya yana kwance galan da bai kamata ya ɗauki lokaci haka ba.

"Robarka ba ta tsuhwa ba," in ji Zaki, bai juyo ba.

"Na sani."

"Ba zan iya hwaɗin haka a bakin dam ba."

"Ban ce ka hwaɗa ba."

Zaki ya mayar da curin mazauninsa a hankali, kamar ƙwai. Ya zauna a kan benci ya dafa gwiwoyi. Wata babbar mota ta wuce ta nufi shinge, rumfar ta ɗan girgiza.

"Mahaihina da dama ya yi su har ya mutu."

"Allah ya bar mishi ita har ya mutu. In kiɗa ya sake, ai rawa ma sai ta sake."

"Kai da Sarai bakinku ɗaya."

"Gammonta kawai ta zo ɗauka."

Zaki ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Ya ɗan jima yana kallon bokitin.

"Akwai sauran yumɓu? Wanda ya jiƙu da kyau."

Lawwali ya ɗebo ya mulmula ya miƙa. Zaki ya sa hannun dama a aljihu, ya miƙo na hagu. Bai yi wani yunƙuri ba, yumɓu ya tsartso ta tsakanin yatsunsa. Gurbi biyar, duk sun nutse. Lawwali ya karta suna da ƙusa, ya ture na maƙwabta ya ajiye shi kusa da tsohon.

"Zoben hwa?" ya tambaya. "In cire?"

"Bar shi. Hagun nan baƙuwa ce, sai ta koyi hanya. Ka ce yayin Madarunfa ne."

A daidai nan Rabe ya biyo da dardumarsa a kafaɗa, ya leƙo. Ya ga Lawwali ya ɗauki reza yana tsinke naɗin robar da ya ɓata kwana uku a kanta.

"A'a, ba yau za a karɓa ba?"

"Mariƙin bai zauna ba," in ji Lawwali. "Sai an sake."

Rabe ya girgiza kai. Daga ganin fuskarsa ka san kafin a idar da salla labari ya kai sahu na uku.

"Sau biyu ke nan, Malam Lawwali. Anya hannunka bai hwara mutuwa ba?"

"Tsuhwa ne," in ji Lawwali. "Ka tahi, ina zuwa."

Zaki ya tashi daga benci. Ya matso ya riƙe masa gindin gorar da hagu don kada ta juya, Lawwali ya ci gaba da warware robar.