Kafaɗar Kafinta

"Ba nan ba, sama kaɗan," in ji Kafinta.

Matarsa ta matsar da tsumman ruwan zafi zuwa kafaɗarsa ta hagu. Ni ina riƙe da roba, ina kallon yadda ciwon hanta ya tsotse mutumin da a da shi kaɗai yake cicciɓar katakon gado. Likita ya riga ya ce a mai da shi gida a yi ta addu'a. Amma shi ko sau ɗaya bai yi kukan cikinsa ba. Kullum kafaɗa.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu, don haka na san tarihin kafaɗar nan. Shekarun baya motar haya ta kife da shi da ɗansu, yaro ɗan firamare. Yaron ya rasu, a can inda abin ya faru aka binne shi, uban kuwa ya fito ko ƙwarzane babu. Da ya dawo aka yi ta yaba masa, wai namijin duniya, ko hawaye bai zubar ba. A ce masa ya haƙuri, ya ce an gode Allah, ya koma kan zartonsa.

Daga nan kafaɗa ta fara. An ɗauki hoto, an yi gashi, an sha allura, ba a ga komai ba. In 'yan makaranta suka wuce ƙofar shagonsa da hayaniya, sai ya ajiye guduma ya ce, "Kafaɗar ta motsa," ya ja ƙofa. Mu ma muka bi shi a haka, muna yi masa sannu da jiki.

Matar kuwa ba ta taɓa tambayarsa yadda yaron ya cika ba. Wata rana muna shanya ta ce min, "Ƙanwata, ya sha wuya? Ya kira ni? Abin nan shi ya hana ni barci. Amma in na tambaya, kamar ban karɓi ƙaddara ba." Na ce mijinta ne ai, ba alƙali ba. Ta ce da nauyi. Wallahi wannan nauyin nasu yana ba ni haushi. Ga shi yanzu mutumin zai tafi da amsar a bakinsa.

Na sunkuya kusa da kunnenta. "Yaya, ki tambaye shi, ko ni in tambaya."

Ta harare ni. Ta daɗe tana matse tsumma, sannan ta ɗauko zancen daga nesa.

"Malam, wai kafaɗar nan, a motar ka bugu?"

"Ban bugu ba."

Ya kai hannu ya dafa kafaɗar.

"Nan yaron ya sa kansa," ya ce. "Tun daga tasha yake gyangyaɗi, na ce ya jingina. Har miyau ya zubo min a riga."

"Barci yake yi?"

"Barci. Bai farka ba. Bai san komai ba. Ni ne dai har yau ba a ɗage min shi ba."

Ta mai da tsumman cikin roba. "To, alhamdulillahi," ta ce. "In ƙaro ruwan?"

"Ƙaro."

Ni ce na fita tsakar gida na yi kukan da su biyun suka ƙi yi.

Bai kai ƙarshen makon ba, ya cika da hantsi. Da la'asar ɗakin ya cika da mata masu gaisuwa, sai na ji wata tana ƙus-ƙus: "Ji wannan, yau aka kai mijinta, wai har ta samu barci."

"Ku bar ta," na ce, da ƙarfin da ya sa suka yi tsit.

Tana kwance a gefen tabarma, mayafinta ya zame, bakinta a ɗan buɗe, carbi ya sulale daga hannunta. Na ɗauki maficin da ke kan gado na zauna ina kore mata ƙuda.