Lambar da Ke Bayan Jakar Orval

Ranar da muka binne mijina Orval, 'yata ta jera kayan aikinsa a kan tebur a zauren cocinmu, kusa da inda mata suka ajiye kaza da burodin masara. Hularsa, hotunansa, da bel ɗinsa na mataimakin sherif, wato ɗan sandan gunduma. A jikin bel ɗin akwai kuben bindiga, sai 'yar jakar fata baƙa mai aljihu biyu.

A zamaninsu bindiga mai juyi suke riƙewa, mai cin harsashi shida. Kowane aljihu na ɗaukar wani ɗan ƙarfe zagayayye da ke riƙe harsashi shida, a zuba su cikin bindiga gaba ɗaya. Duk ranar Lahadi bayan coci Orval zai shimfiɗa tsohuwar jarida a kicin, ya goge bel, ni in goge jakar. Ya ce yatsuna sun fi nasa shiga lungu. Har bayan ya yi ritaya ba mu daina ba. Warin man nan har yau yana cikin durowata.

Ina tsaye ina karɓar gaisuwa sai na ga wani dogon mutum mai furfura ya zare jakar daga bel yana juya ta. Lyle Tackett ne, mai gyaran tarakta a hanyar garin Enid. Ya zo gabana da ita.

"Mama Pruitt, ki gafarce ni, na san yau ba ranar magana ba ce. Amma wannan ta babana ce."

Ya nuna min bayanta. Na san duk abin da ke wurin. Akwai tambarin kofaton doki na badukun garinmu da ya ɗinka ta, akwai harafin da ke nuna girman bindigar da ta dace da ita. A ƙasa kuma lamba goma sha huɗu, an huda ta ɗigo-ɗigo da ƙusa. Lambar aikin Orval ashirin da bakwai ce. Na taɓa tambayarsa, ya ce haka ya same ta, ni kuma ban ƙara ba.

"Sha huɗu lambar babana ce," in ji Lyle. "Yaya aka yi ta zo gidanku?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Kana nufin mijina ɗauka ya yi?"

"Ban ce ba."

"Ka kusa dai. Ajiye ta."

Bai ajiye ba. Sai ga Dewey Skaggs ya turo keken guragunsa, farantin kek a cinyarsa. Shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka yi aiki da Orval tun farko.

"Kai ɗan Hub, kunnuwan nan naka ko a kasuwa na gan su na san na ubanka ne. Miƙo nan." Ya karɓa ya kai ta kusa da hanci, sannan ya juyo gare ni. "Darlene, ba ni gilashinki, nawa na bar shi tare da haƙorana."

Ya ce a lokacinsu gunduma ba ta saya wa kowa kayan fata. In mutum ya bar aiki ko ya rasu, sabon da ya shigo shi ke gadar nasa. Hub Tackett zuciyarsa ce ta tsaya yana bakin aiki, Orval kuwa bai fi wata guda da shiga ba, da harsashi zube a aljihun wando kamar gyaɗa.

"Ni na ba shi da hannuna," in ji Dewey. "Kuma ba a kankare lambar mamaci. Wanda ya yi haka ba mai shiga mota ɗaya da shi."

"To ina lambar Orval?" in ji Lyle.

Dewey ya ɓalle maɓallin, ya ɗaga murfin aljihun hagu, ya lanƙwasa shi baya sosai. Can ciki, inda fatar ba ta sha rini ba, ga ashirin da bakwai, ƙanana, a karkace kamar yadda Orval ke rubutu.

"Mai ita na farko a waje, magaji a ciki. Haka ake yi."

Duk shekarun nan ina goge ta, ban taɓa lanƙwasa murfin haka ba. Na zauna a kujera.

Na ce, "To yanzu ta wa ce?"

Dewey ya ɗaga kafaɗa. "Ta sabon shiga. Amma yaran yanzu bindigoginsu na roba ne, me za su zuba a ciki, alawa? Ku biyu ku sasanta, ni kek nake ci."

Lyle ya karɓa daga hannun Dewey ya miƙo min ita. Ya ce in yi haƙuri, shekararsa bakwai lokacin da babansa ya rasu, mahaifiyarsa ta kwashe komai ta bayar suka koma wajen danginta, ko maɓallin rigar babansa ba shi da shi. Ya sa hularsa ya nufi ƙofa.

Na riƙe ta a cinyata. Ba na son bayarwa, ba zan ɓoye ba. Na dubi teburin, ga hula, ga bel, ga kube, a gida kuma rigunansa cike da kabad.

Na ce, "Lyle! Zo nan. Kana da man goge fata?"

"Sai na takalmi."

"Ba shi ba, zai busar da ita. Ka biyo gida ranar Lahadi in nuna maka. Kuma lambar cikin nan, kada ka taɓa ta."

"Ba zan taɓa ba, Mama."

Ya sa ta a aljihun kwat ɗinsa, ya dafe wurin da hannu har ya fita.

Da yamma 'yata ta kawo min bel ɗin gida. Inda jakar ta zauna fatar ta yi haske, faɗin tafin hannu, ba ta taɓa ganin mai ba. 'Yata ta ce bari ta shafa ya saje da sauran. Na ce ta bar shi haka.