Ƙwan Fakara a Gonar Kamfani

Shekara tara Dogo yana tuƙa tarakta a gonar kamfani. Shi da hannunsa ya tumɓuke shingayen da suka raba ƙananan gonakin mutane, har fili ya zama ɗaya, ido ba ya kai ƙarshensa. Da shingayen suka tafi, kurciyoyi suka bi su. Da aka fara feshi, ƙwari suka ƙare, belbelar da ke bin bayan garma ta ɗauke ƙafa. Saura fakara, masu yin ƙwai a ƙasa, cikin ciyawar shanu ta bakin rafi.

Bana sai manaja ya ce a yanke ciyawar da wuri, don a samu yanka biyu.

"Ranka ya daɗe, suna kan ƙwai," in ji Dogo daga bakin ƙofar ofis. "A ƙara musu mako biyu."

"Ni ma umarni nake bi, Dogo," manaja ya amsa, yana laluben wata takarda. "Ciyawa in ta tsufa ba ta da amfani. In abin ya yi maka nauyi, ka ajiye makulli, masu so suna nan."

Gidan da Dogo ke ciki na kamfani ne, ɗaki biyu a bayan sito. Ya tarar da matarsa tana shanya, ya kwashe labari ya faɗa mata. Ta matse riga, ta dube shi.

"Baban yara, su dai suna da fiffike. Mu in an ce mu tashi, ina za mu sauka?"



Da safe ya shiga ciyawar. Ya fara daga tsakiya yana fitowa gefe, ko masu rabo za su samu hanyar gudu. Amma mai kwanci ba ta gudu, lafewa take yi. Sau biyu ya ga gashin fakara yana tashi a bayan injin, bai tsaya ba. Ta ukun ta tashi fir a gaban wuƙar injin, ya taka birki ya sauka. Ƙwai shida, da ɗuminsu. Ya kewaye wurin, ya bar mata ciyawa kamar faɗin tabarma.

Washegari tun daga nesa ya hango hankaki uku a wurin. A fili fetal irin wannan, ciyawar da ya bari ita ta nuna musu inda za su duba. Ya tsuguna, ya juya ɓawon ƙwai da yatsa. Tururuwa har sun taru.

Wayarsa ta yi ƙara. Manaja ne.

"Na wuce na ga ka bar wani guntu a tsakiya. Injin ne ya samu matsala?"

"A'a, ranka ya daɗe. Lafiyarsa ƙalau."

"To, a gyara kafin masu ɗaurin ciyawa su iso."

Dogo ya share yatsansa a wando, ya hau tarakta, ya sauke wuƙa a kan guntun ciyawar.