Shirun Aling Puring

Duk garin Lucban an san bakin Aling Puring, ko kaji ta samu sai ta ba su labari. To ga shi bana, bayan shekara bakwai, ta layinsu za a zago da mutum-mutumin Waliyyi Isidro ranar bikin godiyar girbi. Tun da guguwa ta tsallake gonarsu Puring ta yi wa Waliyyin alwashi za ta lulluɓe gaban gidanta da kiping, wato ado mai siffar ganye da ake yi da ƙullun shinkafa, kuma da shinkafar gonar kaɗai, ba ta kasuwa ba.

Matsalar ɗaya ce. Ƙullun nan da ake shafa wa ganye a turara ba ya son surutu. Kowa ya sani, in aka yi magana yana kan wuta, to zai tsattsage.

"Ke? Shiru?" in ji mijinta Mang Doming, yana dariya har da riƙe ciki. "Gara ma mu sayo tun yanzu."

"Za ka gani, tsoho!"

Ya kuwa gani. Kwana uku tana ɗaure bakinta da tawul tana turarawa, ja da rawaya da kore, duk suka fito lafiya lau. Maƙwabta har leƙowa suke yi su ga abin mamaki. Rana ta huɗu ta dama ragowar garin, na ƙarshe ke nan, wanda za a jera a rataye a saman ƙofa inda idon kowa zai fara sauka.

Tukunya na tururi sai ga babur mai ƙafa uku ya tsaya. Wa za ta gani? Luningning, 'yarta, mai kula da tsofaffi can ƙasar waje, a birnin Milan, wadda rabonta da gida shekara huɗu, wadda ta ce bana ma ba a ba ta hutu ba.

"Inay?" in ji 'yar, wato Mama.

A gaskiya Puring ta yi ƙoƙari. Ta ciji tawul, ta dubi tukunya, ta dubi 'yarta.

"Ningning!" Ihun har karnukan layin suka amsa. Daga nan baki ya ɓalle: "Wa ya ramar da ke haka? Ba sa ba ki abinci ne? Doming, ashe da kai aka haɗa baki, munafuki!"

Da aka ɓare kiping ɗin daga ganye, arba'in cif, babu ko ɗaya da bai tsage ba. Ranta ya sosu ƙwarai. Doming ya ce a sayo a maye gurbi, wa zai sani? Ta ce a'a.

Ranar biki gari ya cika ya batse. Ga 'yan badujala, ga ɓauna an yi musu ado, kowane gida ya sha kabewa da damman shinkafa. A saman ƙofar Puring kuwa tsagaggun kiping ne ke lilo.

"Ƙawata, ɓera ne ya taya ki aiki?" maƙwabciyarta Aling Chayong ta ƙwala daga tagar gidanta.

Daidai lokacin masu ɗauke da Waliyyi suka iso. Puring ta damƙo hannun 'yarta ta ɗaga sama, hawaye na zuba, ta nuna ƙofar.

"Ranka ya daɗe, lafiyayyun na shinkafar da ka ba mu ne. Tsagaggun kuwa, na wannan ne!"