Teburin Kamfani a Kwalejin Tolliver

Duk shekara idan zafi ya fara ja da baya, kamfanin gina gadoji da Cornelius Gaither yake wa aiki a Birmingham ta Amurka sai ya tuna yana da injiniya baƙar fata. Lokacin ne ake miƙa masa kwalin birori masu sunan kamfani da ƙyallen shimfiɗa a tebur, a ce ya tafi tsohuwar makarantarsa, Kwalejin Tolliver, ranar da kamfanoni ke zuwa duba ɗalibai masu shirin gamawa. Tolliver na cikin makarantun da baƙaƙen fata suka gina wa kansu tun zamanin da aka hana su shiga sauran. Can ya yi karatu, can ya haɗu da matarsa Yvette, can kuma mahaifiyarsa ta koyi aikin koyarwa.

Ya fi shekara ashirin yana wannan zirga-zirga. Yakan tsaya bayan tebur a zauren wasanni, yara su yi ta zuwa cikin kwat, wasu daga gani ka san ta aro ce. Yakan dawo da sunayen waɗanda suka burge shi ya ba Meredith ta ofishin ɗaukar ma'aikata. Ita kuma ta ce, "Kai, madalla!" ta nemi hotuna. Hotunan kan fito a shafin kamfani, yana murmushi a tsakiyar ɗalibai. Yaran dai ba a kiran su.

A wannan shekarar ce ya haɗu da Renita Boykin. Doguwar yarinya ce marar yawan dariya, ita ce ta ɗaya a ajinsu, kuma ta yi aikin hutu da ma'aikatar hanyoyi ta jiha. Ba ta ɗauki biro ba. Tambayoyi ta yi ta jera masa kan aikin har layi ya taru a bayanta. A hanyarsa ta komawa ya ji wani abu da ya daɗe bai ji ba: yana son ya ga yarinyar nan ta samu.

Bai bi ta wajen Meredith ba, kai tsaye ya shiga ofishin shugaban sashensu, Dale Whitlock, wani Bature mai fara'a wanda bai taɓa kiran sa da cikakken sunansa ba.

"Tolliver," in ji Whitlock, yana jujjuya kujera. "Neil, ba ku ne masu 'yan badujalar nan ba? Na gan su a talabijin ranar wasan ƙwallo. Kai, yaran nan sun iya rawa!"

"Mu ne. Amma injiniya na kawo maka."

"Suna da sashen injiniya kuwa? Ina nufin cikakke, wanda hukuma ta san da shi?"

"Daga can na fito, Dale."

Whitlock ya yi dariya ya daki tebur. "Ai kai daban ne! Ni har mantawa nake yi can ka yi."

Cornelius ya san yabo ne mutumin yake nufi. Ya sha jin wannan yabon, daga bakin Whitlock da na waɗanda suka riga shi zama a kujerar, kuma kullum sai ya rasa inda zai ajiye fuskarsa. Daga ƙarshe Whitlock ya ce to, a kira ta.

Ranar ganawar Renita ta zo cikin motar gwaggonta, tun kafin lokaci. Su uku suka zauna gabanta a ɗakin taro mai bangon gilashi: Whitlock, Meredith da Cornelius. Abin da Whitlock ya fara tambaya shi ne ko tana cikin 'yan badujala. Ta ce a'a, ko ganga ba ta iya riƙewa ba. Aka yi dariya. Cornelius ya ja zancen zuwa ga aiki, ta amsa komai a natse, inda ba ta sani ba ta ce ba ta sani ba.

Can sai Whitlock ya gyara tabarau ya ce, "Da irin wannan sakamako naki, me ya hana ki zuwa jami'ar jiha?"

"Sun ba ni gurbi, yallaɓai. Na je na zaga. Na leƙa wani aji na ga mutane kamar a filin ƙwallo. A Tolliver idan ban zo aji ba malamina kakata yake kira."

Meredith ta sunkuyo da murmushi. "Abin da nake so in ji, kin taɓa aiki da mutane iri-iri? Kin san makarantarku kusan duk iri ɗaya ne, nan kuwa a gauraye muke."

Renita ta dubi ofishin ta cikin gilashi. Cornelius bai juya ba, ya san abin da take gani: layi-layin tebura, farar fata zaune a kowanne.

"Ranki ya daɗe, tun ina 'yar firamare nake cikin fararen fata," in ji ta. "Shekara huɗun nan ne kawai na ɗan huta."

Whitlock ya tuntsire da dariya. Meredith ba ta yi ba.

Bayan ta fita Meredith ta ce, "Gaskiya ta iya magana, ban zata ba. Sai dai kamar tana da ɗan zafi." Whitlock ya ce yarinyar ta burge shi ƙwarai, amma akwai wani yaro daga jami'ar jiha, su kuma can an san abin da ake koya musu. Ya ce masu ba da kwangila sukan tambayi makarantar kowane injiniya, ba shi ya tsara duniyar ba.

Cornelius ya ce littafi ɗaya ake karantawa, jarrabawar lasisi ɗaya ake zaunawa, kuma ƙarfe bai san makarantar wanda ya auna shi ba. Yana cikin magana ya ji kamar wani ne daban yake yin ta. Ya taɓa faɗin kalmomin nan a ɗakin nan, kan wasu yaran da yanzu ma ba ya tuna fuskokinsu. Suka saurare shi cikin ladabi har ya gama. Whitlock ya dafa kafaɗarsa ya ce za a ajiye sunanta.

Shi da kansa ya kira ta, yana zaune cikin motarsa a wurin ajiye motoci.

"Na sani, Mista Gaither," in ji Renita tun bai gama kame-kame ba. "Tun tambayar badujala na sani. Kada ka damu." "In tambaye ka mana. Kai yaya aka yi ka daɗe a wurin nan?"

Ya ce mata kawai ta ci gaba da nema, zai yi magana da wasu.

Makonni kaɗan bayan haka, ranar Lahadi bayan coci, suna cin soyayyar kaza da ganye da burodin masara, 'yarsu Jalisa ta ajiye cokali ta ce tana da albishir. Makarantu biyu sun ɗauke ta, jami'ar jiha da Tolliver, kuma ta riga ta zaɓa. Yvette ta ɗaga hannu sama tana gode wa Allah, don ta san wacce ce.

"Jami'ar jiha za ki je," in ji Cornelius.

Shi kansa bai san maganar za ta fito ba. Yvette ta sauke hannunta a hankali.

"Cornelius Gaither, me ka ce?"

"Baba, ba kai ne ka koya mini taken Tolliver ba?" in ji Jalisa. "Tun ina goye kuke kai ni bikin tsofaffin ɗalibai."

"Ni ne. Can na yi, shi ya sa nake gaya miki." Ya ture farantinsa. "Ba na so ki ƙare rayuwarki kina yi wa mutane bayanin makarantarki kafin su dubi aikinki. Na gaji, Jalisa. Ba na so ke ma ki gaji irin wannan gajiyar."

"To ƙanwata fa?" in ji Yvette. "Jami'ar jiha ta yi, da sakamako mai kyau. An daina tambayarta? Ita cewa suke don baƙa ce aka ba ta gurbin. Tambayar kawai suka canza, malam. Ka bar yarinya ta je inda za a san sunanta."

Jalisa ta tashi ta kwashe kwanuka ba tare da an sa ta ba, suna jin ƙarar ruwan famfo daga kicin. Kwana biyu ba ta yi masa wata doguwar magana ba. Da yamma ranar Laraba ya tsaya a ƙofar ɗakinta ya ce ta je inda take so, ya kuma ce gadon ɗakunan kwanan Tolliver gajere ne, kada uwarta ta sayo dogon zanen gado.

Renita ta sami aiki a hukumar ruwa ta wani ƙaramin gari kusa da iyakar jihar Mississippi. Ta turo masa saƙo ta ce albashin bai kai ba, amma sun ba ta aikin gaske tun makon farko.

Kafin bazara ta ƙare ya gaya wa Whitlock cewa bana ba zai je Tolliver ba, a tura wani. Whitlock ya yi mamaki sosai, har ya tambaya ko wani ya ɓata masa rai. Cornelius ya ce a'a. Ya zata za a tura Meredith. Bayan 'yan kwanaki ta tare shi a bakin lif ta ce tunda ba zai je ba an cire Tolliver daga makarantun bana, don babu wanda ya san mutanen can kamarsa.

A watan Agusta suka kai Jalisa makaranta. Rana ta take, ɗakinta a hawa na uku, lif kuma ya lalace kamar yadda yake tun zamaninsu. Shi ya hau da ƙaramin firjinta a kafaɗa, yana tsayawa a kowane hawa. Da ya sauko ya zauna a inuwa yana haki, sai ga Dakta Mabry, tsohuwar malamarsa wadda yanzu ita ce shugabar sashen injiniya, tana dogara sanda.

"Gaither, ka tsufa," in ji ta. "Za mu gan ka ranar kamfanoni?"

"Bana kamfanin ba zai zo ba, Malama."

Ta dube shi ta saman tabarau, ba ta tambayi dalili ba. "Wani kamfanin ya sake janyewa ke nan," ta ce. "To kai ka zo wata Asabar ka yi wa 'yan ajin ƙarshe magana. Ba a madadin wani kamfani ba. Ka gaya musu yadda abin yake."

"Ban san ko za su so ji ba."

"Sun riga sun sani. So suke su ji daga bakin wanda ya yi."

Ya ce zai duba. Ta ce ta san irin wannan dubawar tasa tun yana aji ɗaya, ta wuce abinta.

Jalisa ta rako su har mota, ta rungume su a gurguje, don abokiyar ɗakinta na jiran ta su je cin abinci. Yvette ta share ido, ta miƙa masa hannu ta ce ya ba ta makullin mota. Bai yi gardama ba. Ya kwantar da kujera, gwiwoyinsa na zugi, kafin su hau babban titi barci ya ɗauke shi.